Kan da Ba a Taɓawa a Bankok

A gidan Tasalla da ke Aliero, ba jikan da ke yin doguwar tafiya sai ta ɗora masa hannu a ka. Tsufa ya ci ƙarfinta, amma bakin nan yana nan da kaifinsa. Jikanta Waliyyu zai bi kawunsa Shehu, ɗan kasuwar Jega, zuwa birnin Bankok na ƙasar Tailan saro takalma, kuma Shehu ya cika masa kunne da ladubban mutanen can. Waliyyu ya same ta ta miƙe ƙafa tana tsinkar albasa, sai ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji ya sunkuya.

"Lahiya lau, maigida. Mi kaka yi wa tahi? Sauro ka kashe?"

"Gaisuwar Bankok ta, tsohuwa. Haka manya ka yi."

"Manyan wa? Wanda bai iya durƙuso ba ya ce gwiwa ba ta da amfani."

"Ke dai naɗe ƙahwahunki. Can, miƙe wa mutum ƙahwa zagi na."

"To na zage ka da duka biyun. Gwiwar da ta goyi ubanka ba ta lanƙwasuwa don ɗan tallan takalmi."

"Kuma ba a ɗaga murya. Ko an ɓata miki rai, murmushi za ki yi."

"Ashe da yunwa za ka mutu! Kai da in tuwo ya yi jinkiri har garin Kashin Zama ana jin kukanka."

"Bari in komo ki gani. Amarya zan auro can, mai haƙora cikakku, in sallame ki."

"Wace mai ido za ta ɗauki mai wuya awa na zalɓe? Ni ma haƙuri nika yi. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Matso nan, ɗebe hula."

Waliyyu ya ja baya, ya dafe hular da hannu biyu.

"A'a! Wannan ita ta babbar doka. Kawu ya ce kai wuri na mai daraja, ko na yaro ba a taɓawa."

"Wanga ƙoƙon? Ni na wanke shi da sabulun salo ran suna. Ni na tsince ƙwarƙwatar da ta yi gari ciki. Daraja ta yaushe?"

"Da can kenan. Yanzu kan mai hawa jirgi na."

"To tahi da abinka. Jirgin ma ai ya san marar albarka, shi ka fara jin jiri."

Ta koma kan albasarta, ba ta ƙara dubansa ba. Waliyyu ya yi dariya, amma bai motsa ba. Gaskiyar magana tsoron jirgin yake ji, kuma ya san mai shekarun Tasalla ba a yi mata alkawarin sai na dawo.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka ce can ba mai taɓa kan wani?"

"Ko sarkinsu."

"Ko waccan amaryar taka mai haƙora?"

"Ko ita."

"Ashe mutanen kirki na. Zo."

Ya cire hula, ya durƙusa irin na gida. Ta fara sakar masa ranƙwashi mai kyau, sannan ta shimfiɗa tafinta, mai warin albasa, a tsakar kansa. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Allah shi kai ka, shi maido ka. Tun da ba mai taɓawa, hannuna na nan bisa, ba wanda za shi goge shi. Ko ka isko ni, ko ba ka isko ni ba."

"Kin ci, tsohuwa," in ji shi. Ya yi dariya.

Ta tura masa albasa manya guda biyu. "Kai wa kishiyata. Ta yanka, ta yi kukan da ni ba zan yi ba."