Rasuwar 'Yar Maigatari, Wayar Da Ta Cika A Cikin Turmi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kafaɗar dama wadda har yau ba ta ɗaguwa, Zouera mai man gyaɗa ta garin Mallawa, tare da maigidanta Malam Habibu da sauran dangi na nan gida da na ƙetaren iyaka, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wayarta, wadda aka fi sani da 'Yar Maigatari. Marigayiyar ta cika ranar Litinin da hantsi, a tsakar gida, a cikin turmi, tana da shekara biyar da 'yan watanni a duniya. Ba za mu ɓoye wa jama'a yadda aka yi ba, tunda rabin unguwa na kan katanga a lokacin. Mai makokin ce da kanta ta riƙe taɓaryar.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai yi mata shaidar haƙuri. Tanko, yayan Zouera, mai fataucin shanu a Maigatari, shi ya sayo ta a kasuwar Alhamis ya kawo wa ƙanwarsa, tun daga ranar kuwa ba ta taɓa kwana nesa da haɓar zanen uwargijiyarta ba. Ta faɗa gugar rijiya ta fito. Ta sha tiririn kaskon ƙuli-ƙuli har bayanta ya yi santsi. Jakin Malam Habibu ya taɓa taka ta, ta tsage a kusurwa ɗaya, ta ci gaba da aikinta ba ta kai ƙarar kowa ba. Caji ɗaya yakan kai ta kwana uku. Ta san inda reso, sabis ɗin waya, yake a duk faɗin gidan, wato saman tsanin rumbu, mataki na huɗu, kuma daga nan ne masu sayen mai na Dungas da Bande suke samun Zouera. In kira ya shigo takan ce tilin-tilin a hankali, kamar mai jin kunyar suruki.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne shekara huɗu da suka wuce. Tanko ya zo gaisuwar Salla, ya karɓi wayar, ya saka mata wani kanti na intanet mai suna Kawo-Gida, ya kuma yi wa ƙanwarsa abin da muke kira abonma, wato kuɗin da mutum ke biya duk shekara don a ɗauke shi ɗan gida. Ɗan gida ba ya biyan kuɗin kawo kaya, shi ake fara yi wa ragi, kuma ana manna masa tauraro mai ruwan zinariya a gefen sunansa. Wata ukun farko kyauta ne. Tunda kantin na Najeriya ne, sai aka ɗaura abin a katin bankin Tanko, a kan cewa duk kaka in sun cira, Zouera za ta mayar masa.

Gaskiya ɗaya ce, shekarar farko ciwon bai yi kama da ciwo ba. Zabi biyu ta sayar ta biya. A shekarar ta sayi ɗan injin niƙan gyaɗa na hannu wanda ya raba ta da dutsen niƙa, ta sayo wa Malam Habibu tabarau har ya koma karatun da ya bari. Ranar da injin ya iso, Zouera ta goge marigayiyar da bakin mayafinta ta sa mata albarka. Wanda duk ya ce zabi biyun nan sun tafi a banza, bai ga tafin hannun Zouera kafin injin ba.

Sai dai kyautar kawo kaya tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce iyakar ƙasa. Kaya sukan tsaya cak a ƙofar gidan Tanko. Daga can sai an jira Alhamis, a biya ɗan kabu-kabu, a gaisa da 'yan duwan, jami'an kwastan na bakin iyaka, gaisuwar da ba ta baki kaɗai ba. Kafin Alhamis ɗin ta zo kuma, Amira matar Tanko takan buɗe kowane ƙunshi don ta tabbatar ba a cuci ƙanwar mijinta ba. Tsabar kulawarta, akwai tukunyar da ta iso Mallawa da ƙanzo a gindinta.

Daga nan marigayiyar ta koyi wani sabon kuka wanda ba mu san ta da shi ba: ƙiling! In ta ce ƙiling, to an yi ragi. Zouera ba ta jin Ingilishi, ajinta uku a lakkwal, makarantar boko, kuma Faransancin ma ya daɗe da barin ta, amma tana gane hoto, tana gane jan layin da ake ja a kan tsohon farashi. Sai ta ga tunda ta riga ta biya kuɗin zama 'yar gida, in ba ta saya ba an ci ta. Haka ta riƙa saye don kada a ci ta. Shekara ta biyu abonma ta ci zabi shida da zakara. Ta uku ta ci ɗan bunsuru sukutum, ita ce kuwa shekarar da aka rufe iyaka, kaya suka yi watanni a ɗakin Amira ana tabbatar da lafiyarsu. Malam Habibu ya yi magana sau ɗaya, aka tambaye shi da idon wa yake karatu, ya gyara tabarau ya koma karatunsa.

Bana ne jiki ya rikice. Kafin Tanko ya bi motar shanu zuwa Ikko, ya aiko da saƙon murya cewa sun sake ƙara kuɗi, wannan karon sai bunsuru da rabi. Zouera ta zauna a bakin murhu ta duba abin da ta saya a shekara, ta ga in ka cire injin da tabarau, babu abin da ba za ta samu a kasuwar Mallawa ba, ta taɓa da hannunta, ta yi ciniki, ta zagi mai kaya in ta ga dama. Ta yanke shawarar fita daga abonma. Ta hau tsani ta nemi Tanko, wayarsa a kashe. Sai ta ɗauki marar lafiya ta kai ta wurin mutumin da duk garin ke kai wa takarda, Mushe Kamalu, malamin lakkwal (mushe muke ce wa malamin boko).

Mushe Kamalu mutumin kirki ne, Faransanci kuwa ko a Damagaram sai a tara a saurare shi. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne Ingilishinsa bai wuce na gaisuwa ba, kuma ba a gaban mai ƙuli-ƙuli zai fara faɗa ba. Ya gyara zama, ya karanta da motsin leɓe, ya gyaɗa kai sau uku. Ya ga wani ɗan rubutu toka-toka a can ƙasa, ya raina shi. Ya ga babban kore a tsakiya yana walƙiya, ya danna. Waya ta ce ƙiling, har da furanni suna zubowa. Ya miƙa mata ya ce an gama. Ta ba shi kwalbar mai, mai kyau, na sama.

Ranar Litinin da safe Nafissa, amaryar maƙwabta wadda aka kawo daga Gumel, ta shigo sayen ƙuli. Zouera ta nuna mata furannin don ta taya ta murna. Nafissa ta karanta, ta sake karantawa, ta ajiye kwanonta a ƙasa. Ta ce, "Iya, ai ba fita kika yi ba. Ƙarin girma aka yi miki. Yanzu ke babbar 'yar gida ce, ta iyali duka, kuɗin ya ninka. Gobe Talata za su cira."

Ninkin bunsuru da rabi, a gidan Zouera, suna ɗaya gare shi: Kyalla. Ita ce jar akuya mai fari a ciki wadda mahaifiyarta ta bar mata, uwar duk wani bunsuru da aka taɓa sayarwa a gidan, ga ta kuma da tsohon ciki. Bayan ita babu sauran abu mai ƙafa huɗu a turken sai jakin da ba nata ba.

Abin da ya biyo baya muna rubuta shi ne da nauyin baki. Zouera ta fara da lakkwal. Mushe Kamalu ya hango ta ta taga da muciya a hannu, ya bar alli a tsakiyar kalma ya fita ta ɗaya tagar, ya bar takalmi ɗaya, ya haye kekensa. Ta bi shi har gonar wake, ta samu ƙeyarsa da jifa biyu, na ukun ya sami kekensa. Da ta ga ya yi mata nisa sai ta juyo gida, a hanya kuwa tunani ya zo mata, mai sauƙi, wanda ta ga babu ƙarya a cikinsa: wannan abu a cikin waya yake zaune, a ciki yake kuka, a ciki yake cin dabbobinta. In babu gidan, ina zai zauna ya ci Kyalla?

Ta fara maka ta da bangon rumbu. Marigayiyar ta faɗo, fuskarta ta dare gida bakwai, amma ta kawo haske. Ta ɗauke ta ta buga da dutsen niƙa. Ta taka ta da dunduniya har ƙafar ta yi jini. A nan ne baiwar Allah, cikin rashin sanin abin da ake ciki, ta ce ƙiling, an yi ragin labule. Zouera ta yi wata irin ƙara da ta tashi kajin unguwa, ta jefa ta a turmi ta ɗauko taɓaryar kirya. Dakan farko ya fasa gilashi. Na biyu ya fito da hanjinta, kore-kore da zare-zare. Malam Habibu ya shigo rabo, gindin taɓarya ya same shi a haɓa, ya zauna a cikin kwandon ƙuli. Mairama maƙwabciya ta riƙo ta ta baya, aka yi jifa da ita kan tulu, tulu ya fashe. A daka na tara batir ya yi tsaki, ya yi hayaƙi, ya kama da wuta, ya ƙone bakin turmin, Zouera ba ta tsaya ba sai da kafaɗarta ta goce. Majo, malamin asibiti, ya ɗinke mutum biyu a ranar, ya ɗaure na uku.

Sai da hayaƙi ya lafa ta leƙa turmin, sannan ta tuna. A cikin wayar nan akwai saƙon murya guda ɗaya na mahaifiyarta, wanda ta aiko daga gadon jinya, ba ta ce komai a ciki ba sai, "Zouera, kin ba Kyalla ruwa kuwa?" Duk Juma'a takan saurare shi. Ta zauna a ƙasa ta sa hannu tana tona garin baƙin, tana kuka irin wanda ba mu ji ta yi ba tun ranar da aka fita da tsohuwar. Mu da muke kan katanga muna dariya, kowa ya sauka ya shige gida.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, da riga mai hoton fure, yanzu babu mai sawa. Ta bar 'ya'ya da dama da ta haifa a lokacin ragi: injin gasa burodi mai neman lantarkin da gidan ba shi da shi, takalman sanyi ƙafar hagu biyu, laima uku, ma'aunin nauyin mutum wanda kaza ke kwanci a kai, da wani abu mai kama da mazurari da har yau ba a gano aikinsa ba. Akwai wasu 'ya'yan a hannun Amira, ana riƙo.

Ta kuma bar ciwon da ya kashe ta, cikin ƙoshin lafiya. Yau Laraba Tanko ya iso a kan babur, ƙurar Ikko ba ta bar rigarsa ba. Ya yi gaisuwa, ya duba turmi, ya duba haɓar Malam Habibu. Sannan ya ce, "Zouera, ai abin ba a waya yake ba, a katina yake. Jiya da asuba suka cire. Kuɗin mai shanu ne, ba nawa ba, gobe zan haɗu da shi a kara, kasuwar shanu."

Ta ce, "Yaya, na fa kashe ta."

Ya ce, "Na gani." Ya sunkuyar da kai, don shi ma a hannun tsohuwar nan ya sha nonon akuyar. Da ya ɗago, turke yake kallo.

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa Zouera na nan a matsayinta na babbar 'yar gida har kaka mai zuwa, da tauraronta, da kyautar kawo kaya, sai dai babu inda za ta gan su.

Za a yi jana'iza yau bayan la'asar a bayan rumbu. Ba za a yi wanka ba, marigayiyar ba ta son ruwa tun tana raye. An riga an kwashe ta da ludayi an zuba a gwangwanin tumatir. Masu zuwa gaisuwa su taho da tabarmarsu, su kuma kashe wayoyinsu tun daga zaure, domin duk wadda ta ce ƙiling a gidan nan, iyalai ba za su ɗauki alhakin abin da zai same ta ba. An yafe wa Mushe Kamalu zuwa, za a aika masa da takalminsa. Babu abincin sadaka, sai ƙulin da Malam Habibu ya zauna a kai.

Gobe Alhamis da sassafe za a ɗaure Kyalla a bayan babur ɗin Tanko zuwa kasuwar Maigatari. Zouera ta ce ba za ta fito rakiya ba. Roƙonta ɗaya ne ga duk wanda zai ci kasuwar gobe: in ya ga wanda ya saye ta, ya faɗa masa kada ya yanka, saura wata ɗaya ta haihu, kuma ba ta cin dusa sai an jiƙa mata.