Godiyar da Ta Cinye Mana Kwalbati

Jiya ban leƙa gona ba, jama'a. Ina idar da sallar asuba na ɗauko rediyo na girke a bakin zaure, domin an ce ranar za a saka muryar garinmu.

Ga yadda abin yake. Ruwan farkon damina ya tafi da kwalbatin da ke haɗa mu da titin Bici. Mota ba ta shigowa, babur ma sai an sauka an tura. Ni kuwa 'yata Aina'u tana gida goyon ciki, na fari ne, watanta ya kama, kuma a wajen awo an ja mata kunne kada ta yarda ta haihu a gida. Shi ya sa da wani ɗan jarida ya ɓullo mana da na'urarsa, muka tura masa Baba Mala, dattijon da ya fi kowa iya tsara zance.

A gabana aka yi. Baba Mala ya bi abin da aka koya mana tun muna yara, cewa ba a fara wa babba da kuka. Ya gai da shugaban yankinmu, Mai Girma Uban Alkawari, ya gai da iyalinsa, ya gode masa bisa ɗawainiyar da yake yi da talakawa, ya roƙa masa ƙarin girma. Sannan ya gyara murya ya shiga batun kwalbati, har idonsa ya kawo ruwa.

Da aka zo labaran safe, mai karantawa ta ce al'ummar yankinmu sun yaba da ayyukan raya karkara. Sai ga muryar Baba Mala tangaran yana ta godiya. Daidai inda ya gyara murya, nan aka sako tallan maganin basir.

Maƙwabcina Lawan yana wucewa da shanun huɗarsa, ya ja ya tsaya. "Malam, ashe mun yaba?"

Na ce haka ni ma na ji.

"To a sa da ni. Kada a zo rabon wani abu a ce ban yaba ba."

Abin ya tsaya mini a rai. Gidan rediyo bai ƙara ko kalma ɗaya a bakin dattijon ba. Shi kuma ladabi ya yi, ba ƙarya ba. Ba wanda ya yi ƙarya, amma ga ƙarya ta karaɗe gari. Ni da karatuna bai wuce na zaure da tsofaffin jaridu ba, na rasa wa za a tuhuma gobe kiyama: mai yanke magana, ko mu da muke ajiye gaskiya a ƙarshenta.

Da Baba Mala ya zo wucewa na ce masa ai da ma da batun kwalbatin ya fara. Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni ba a tasha aka raine ni ba. In ka iya, kai ka faɗa."

Da hantsi aka saka wasan kwaikwayo. Wani azzalumin ɗan kwangila ya cinye aikin gada, kafin a tashi daga shirin an kama shi, ya yi kuka, ya tuba, an gina gada. Na jinjina wa mahukuntan cikin wasan nan, ban taɓa ganin masu zafin nama irinsu ba. Bayan azahar kuma filin adabi ne, wani sha'iri ya rera baitoci yana kwatanta hanyoyin karkara da madubi. Bai yi ƙarya ba shi ma. Tamu in ka leƙa kana ganin fuskarka a ciki, har da kwaɗi.

Bayan la'asar aka buɗe layi. Maudu'in: me ya sa matan karkara ba sa haihuwa a asibiti? An gayyato wani masani, ya ce duhun kan mazaje ne. Matata Kaltume ta miƙo mini waya ta ce in tashi, tunda ni ne na iya.

Na hau kan juji, don nan kaɗai sabis yake kamawa. Na yi ta kira har Allah ya sa ta shiga. Mai gabatarwa ya ce, "Malam, muna jin ka."

Jama'a, me kuke so in yi? Mutum ya karɓe ni a gidansa. Na yi sallama. Na gai da shi, na tambayi aiki, na gai da babban baƙo, na gode musu da wannan shiri mai ilimantarwa. Ina gyara murya sai na ji ya ce, "Mun gode wa wannan bawan Allah da ya yaba," layi ya ɗauke.

Ina saukowa na tarar da Baba Mala a gindin juji, da nasa rediyon a kunne. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Ka manta ba ka gai da iyalinsa ba."

Kaltume kuwa ta shiga shirin kai Aina'u asibiti. Ta aika gidan Lawan kada a ƙara kwance amalanke, a bar shanu kusa, ta shimfiɗa katifa a ciki.

Amma kada ku ce wunin ya tafi a banza. A labaran yamma an sanar cewa, ganin irin godiyar da ke ta fitowa daga yankinmu, Mai Girma Uban Alkawari zai zo da kansa ya karɓa. Muna maraba, Allah ya kawo shi lafiya, ya kuma sa a mota zai zo. In ta haye, muna roƙon aronta ranar haihuwa. In ba ta haye ba, amalanken Lawan na nan, sai dai ya yi haƙuri, Aina'u ta riga shi kama wuri.