Tauraro Sau Hamsin

"Lafiya lau, sai yunwa, tunda matata ta koma auren kwamfuta," in ji tsoho Eulogio, yana kishingiɗe a barandarsa da ke kan tudun birnin Valparaíso.

Maite, jikarsa, ta ajiye masa burodi mai zafi, ta ce mijin da ba haƙora ai ba ya ƙorafin abinci. Ta zauna ta buɗe kwamfutar. Wani kamfani a Santiago ne ya ba ta gwajin ɗaukar aikin rubuta wa na'ura umarni, yau za ta tura. Tambayar ƙarshe ita ce ta sa na'ura ta buga jerin alamar tauraro guda hamsin, ita kuwa da layi ɗaya ta gama: tauraro sau hamsin.

Tsohon ya sa tabarau ya leƙa. Shi ma aikinsa ke nan da ƙuruciya, lokacin da na'ura ɗaya ke cika ɗaki.

"Wannan ai lalaci ne. Mu ce wa na'urar muke yi ta buga ɗaya, ta koma, ta sake bugawa. Ko makaho ya shafa ya san inda aka dosa."

"Shi ya sa kuka tsufa a gabanta. Ni aike ɗaya nake yi. Kai kuwa sai ka tura mutum kasuwa sau hamsin, kowane zuwa ƙwayar shinkafa guda."

"Sauri ya haifi nawa."

"Nawar kuma ta haife ka."

Ya zuba wa jiragen da ke lilo a kan teku ido, ya ce injin bugawarsu ƙara yake kamar ruwan sama a kan kwano, kuma marigayiya kakar Maite takan tsaya bakin ƙofar ofis tana jiran a gama. Da da layi ɗaya ake yi, in ji shi, da bai samu zarafin tambayar sunanta ba.

Maite ta dube shi. Sai yanzu ta gane ba taurarin ke damunsa ba. In ta ci gwajin nan ta koma Santiago, barandar za ta zama tasa shi kaɗai.

"In ka ce in rubuta irin naka, zan rubuta," ta ce a hankali.

Ya sake karanta layin, leɓensa na motsi. Can sai ya yi dariya, ya ce wannan ko ɗan goye ya karanta ya gane, kuma gaskiya ya fi nasa sauri.

"Tura musu, ja'ira," ya ce, ya mai da fuska wajen teku. "Na sake ki."