Yadda Ake Tsaron Yarinya Har Ta Faɗa Ramin Baba

Ɗan'uwa magidanci, idan kana son a san ka da iya riƙon yara, ka zo wurin gwani. Ni ne Maitama, masaƙi a Maska. Kwana ɗaya tak aka taɓa bar mini ɗiyata Mairo, tana shekara uku, kuma har yau garin nan bai daina maganar ba. Bi matakan nan, na lamunce maka kai ma za ka yi suna.

Mataki na 1: Ka cika baki.

Matata Hansai za ta tafi Danja sunan jaririn ƙanwarta. Ta ce, "Malam, bari in kai ta wurin Gwaggo Tsohuwa."

Na ce, "Mutumin da ke kula da zare ɗari a lokaci ɗaya, yarinya guda ce za ta gagare shi?"

Kai ma ka faɗi irin wannan, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji. Za su tuna maka daga baya.

Mataki na 2: Ka tsare haɗarin da ke nesa.

A shekarar ana ta labarin mahara a hanyar Tsiga. Na wasa mashin kakana, na rataya wa Mairo laya uku, na yi mata dogon bayani kan kura. Kafar da akuya ta huda a darnin bayan gida, wadda ke fita kai tsaye marina, na dube ta na ce sai gobe. Babban mutum ba ya ɓata hankalinsa kan ƙaramin rami.

Mataki na 3: Ka ƙirƙiro dabara.

Na samo igiya, na ɗaura baki ɗaya a turken saƙata, ɗaya a zanen Mairo. A zanen, ka lura, ba a jikinta ba, don ni uba ne mai tausayi. Na zauna ina jefa ƙoshiyar saƙa ina waƙa, ina jinjina wa kaina. Da na ɗaga kai wajen hantsi, ga igiya, ga zane a ƙasa, babu Mairo.

Mataki na 4: Ka ruga inda ba ta.

Na suri mashi na yi ƙofar gari ina cewa an sace mini ɗiya. Maza suka bar gonakinsu suka biyo ni. Muna can muna duban sawun dawakin da ba su zo ba, sai wata mata ta cim mana tana haki, ta ce in koma marina.

A nan ba ni da abin dariya. Na iske Manu marini durƙushe, hannunsa shuɗi har kafaɗa, Mairo kife a cinyarsa ba ta motsi. Ta kafar nan ta fice, ta leƙa ramin baba, wato ruwan shunin rini, ta zurma. Allah ya sa yana kusa, ya ji faɗuwarta, ya kamo ta da ƙafa. Gwaggo Tsohuwa, wadda na hana a kai mata yarinyar, ta karɓe ta, ta danna bayanta har ta amayar da ruwan, sannan Mairo ta tsala kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na zauna cikin toka.

Gwaggo ta wanke mata idanu da ruwa mai tsabta, ta ba ta madara. Ta ce, "Maitama, yaro ba a tsaronsa da igiya. Da ido ake yi. Tashi ka ɗebo ruwa."

Mataki na 5: Ka yi ƙoƙarin ɓoyewa.

Na cuɗa Mairo da sabulun salo sau huɗu don shunin ya fita. Baban Maska ba ya jin roƙo. Na roƙi Manu ya yi shiru, na manta rabin gari ne suka raka ni ƙofa.

Hansai ta dawo washegari da la'asar, labari ya riga ya tare ta a hanya. Ta ɗauki Mairo, ta duba kunnuwanta da tafin hannunta, duk shuɗi. Ta rungume ta, ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ta ce, "Malam, a toshe kafar nan kafin in sauke kayana."

Na toshe. Na kuma saƙa wa Manu farin ƙyalle na riga, na sassaƙa marufi na icce ga kowane rami a marinar, ba wanda ya sa ni.

Sharaɗi: wanda ya bi matakan nan, shi da matarsa da gwaggonsa, babu ruwan Maitama. Kada kuma ya turo a tambaye ni yadda ake fitar da shuni daga kunnen yaro. Ban sani ba. Namu sai da ya yi sati biyu.