Rasuwar Nalongo, Kazar Saƙon Juma'a

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, amma kai a ɗage, Prossy Nansubuga ta Gonar Kajin Namubiru da ke Mukono tana sanar da 'yan'uwa, abokan ciniki, da masu dariya a bayan ido, rasuwar Nalongo, kazar nan mai motsi da ke saman saƙon imel na gonar kowace Juma'a. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, bayan shekara biyu da wata huɗu a bakin aiki.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiyar ba ta taɓa cin dusa ba. Hoto ce, Prossy ce ta zana ta. Kana buɗe saƙon za ka tarar da ita kwance ido a rufe, sai ta farka, ta girgiza jiki, ta ɗan taka rawa, ta ajiye ƙwai biyu masu ɗauke da farashin mako. Saboda ƙwai biyun nan ma'aikatan gona suka raɗa mata Nalongo, kamar yadda ake kiran kowace uwar tagwaye a ƙasar nan.

Cikin wahala aka haife ta. Prossy ta dawo daga jami'a da digiri a fannin kasuwanci, ta shawarci Ssenga Namubiru, ƙanwar mahaifinta kuma mai gonar, cewa a daina bin masu saye ɗaya bayan ɗaya a waya, a koma imel. Mako uku ta yi tana zana kazar a kwamfutar da sai an jingine murfinta da bokiti take tsayuwa, wuta na zuwa tana ɗaukewa. Ssenga kuwa duk baƙon da ya shigo sai ta kai shi ya leƙa, ta ce ya zo ya ga inda karatun gidansu ya ƙare, ana koya wa kaza rawa. Prossy dai ba ta daina ba.

Marigayiyar mai kamun kai ce. Da jerin hotuna arba'in aka fara haɗa ta, ta yarda aka rage su zuwa goma sha biyu don kada ta cinye wa mutane data. Ba ta taɓa sa mai ƙaramar waya zaman jira ba. Sau uku take rawarta ta zauna, ba kamar na wasu gonakin da ba za a ambaci sunansu ba, masu walƙiya har mutum ya ji jiri. A duk rayuwarta ba ta ɗaga wa kowa murya ba, ko kyarkyara ba a taɓa ji daga bakinta ba. Albarkacinta masu soya rolex na bakin titi, wato wainar ƙwai da ake naɗewa cikin gurasa, suka ninka odarsu, har Ssenga ta koma kiranta "kazarmu", ko da yake ba a gaban Prossy ba.

Ashe da ciwon ajalinta aka haife ta, ba wanda ya sani. A watan jiya, da aka yi ta raɗe-raɗin cutar kaji a yankin, wani otal a Jinja, wanda ya fi kowa sayen ƙwan gonar, ya soke odarsa ba tare da bayani ba. Ssenga ta ce saƙon Juma'a ne ya jawo, za a rufe shi a koma waya. Prossy ta hau mota zuwa Jinja don ta ji da kunnenta.

Mista Byaruhanga, dattijon da ke sayo wa otal ɗin kayan abinci, ya ba ta kujera, ya juyo mata tsohuwar kwamfutar ofishinsa. Ga Nalongo nan kwance, ido a rufe. Prossy ta jira ta farka. Ta jira har shayin da aka kawo mata ya huce. Irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci hoton farko kawai suke nunawa, sauran goma sha ɗayan ba sa fitowa.

"'Yata, tunda kuka fara aiko ta ban taɓa ganin ta tashi ba," in ji dattijon. "Na ɗauka salon 'yan zamani ne, na yi shiru. Amma ana maganar cuta, gonar kaji ta aiko mini da mushe ranar Juma'a, ni kuma in saya wa baƙi ƙwai?"

Prossy tana so a rubuta cewa ba ta yi kuka a ofishin mutane ba. A mota ta yi, kaɗan, fuskarta a jikin taga. Da ta iso gida ta faɗa wa Ssenga gaskiya tun ba a tambaye ta ba: kuskuren nata ne, ita ta kwantar da kazar a hoton farko, kuma ba ta taɓa gwada ta a kwamfutar wani ba. Ssenga ta yi dariya har sai da ta dafa bango, sannan ta share ido ta ce, "Digiri, Juma'a ɗaya na ba ki. In Jinja ba ta dawo ba, ga wayata, ga littafin lambobi."

Ranar Talata Prossy ta cire Nalongo daga saƙon da hannunta.

Marigayiyar ta rasu ta bar tagwayen ƙwanta, Wasswa da Kato, da masu karɓar saƙo dubu ɗaya da ɗari uku, da bokitin da ya tallafi haihuwarta. Kamar yadda aka saba, an naɗa mata magajiya daga cikin dangi, wata sabuwar kaza da Prossy ta zana. Ita tun a hoton farko tana tsaye, ido a buɗe tar, ƙwai biyu a gabanta, farashi da lambar waya a ƙasa, ta yadda ko ba ta motsa ba ta gama aikinta. An fara tura ta Jinja jiya. Mista Byaruhanga ya kira Ssenga da kansa, ya ce wannan da ranta, a kawo masa kiret sittin ranar Asabar. An ga Ssenga tana mayar da littafin lambobi cikin durowa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe a ofishin gonar, bayan ɗakin ƙwai. Za a naɗe marigayiyar a cikin filas ɗin kwamfuta, a sa ta a ƙasan akwatin Prossy, kusa da takardar digiri. Akwai rolex da shayi. Ba za a karɓi ta'aziyyar da ta fara da "ai na faɗa miki" ba, ko daga bakin wa ta fito.

Kafin a rufe ta, za a kunna ta sau ɗaya a wayar Prossy domin masu tsofaffin kwamfutoci, waɗanda suka shekara biyu suna ganin gawarta ba su taɓa ganin rawarta ba. An ajiye wa Mista Byaruhanga kujerar gaba.