Gashin Bakin Injiniya da Waƙa Guda

"Ni fa ba a ƙera na'urar da za ta gagare ni ba. Wanda zai ƙera ta ma ba a haifi kakansa ba tukuna!"

Da wannan magana Injiniya ya faɗo shagon aski wata Laraba da hantsi, ko sallama bai ƙarasa ba. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Mutumin nan ko allura bai taɓa ƙerawa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin gidaje da littafi da fensir yana karanta mitar ruwa, ranar da ya yi ritaya kuwa ya naɗa wa kansa Injiniya, ba a samu mai ƙarfin yi masa musu ba. Gajere ne mai tumbi, kansa sanƙo fes kamar bayan kwano. Amma duk gashin da kai ya hana shi, leɓen sama ya biya shi. Gashin baki gare shi mai gefe biyu, kowane gefe ya murɗe ya dubi sama kamar ƙahon bijimi. Saboda shi kaɗai yake zuwa shagon duk Laraba, mai aski na datsewa, shi yana riƙe da madubi yana ba da umarni.

A kan bencin shagon akwai Dogo, tsohon direba, da tela na maƙwabta, da wasu dattawa biyu da ba aski ke kawo su ba. Yawancinsu yanzu sun riga mu gidan gaskiya, bencin ma an yi makamashi da shi. To, mu bar wannan.

Injiniya ya ciro wani abu daga bakin aljihunsa ya ɗaga. Bai kai akwatin ashana ba. Babu gilashi a jikinsa, babu rubutu, sai madanni guda a tsakiya da wasu huɗu kewaye da shi, a bayansa kuma ɗan maƙali kamar na shanya. 'Yarsu ce ta aiko wa uwarta da shi, ta zuba mata tsofaffin waƙoƙi ɗari da ashirin na zamanin kuruciyarta. Inna, haka kowa ke kiran matar, takan maƙala shi a gefen zane ta sa 'yar igiyar sauraron a kunne, tana shara ko guga tana bin waƙa a hankali. Injiniya ya karɓa don ya duba mata lafiyarsa. Kwana tara ke nan yana dubawa.

Mai aski ya ce, "Abin da ba shi da fuska, yaya za ka san waƙar da ke tafe?"

"Fuska ta ragwaye ce," in ji Injiniya. "Lissafi ne. Kowace waƙa da lambarta, kamar gidaje a layi. Ga su nan na rubuta." Ya zaro littafi, an ja layi da rula, ɗaya zuwa ɗari da ashirin. "Ku zaɓa."

Aka jona abin da 'yar lasifikar shagon. Tela ya duba littafin ya zaɓi ta bakwai, waƙar wata mace mai jiran jirgin ƙasa. Injiniya ya rufe ido, ya murɗa gashin baki, ya danna yana ƙirgawa da ƙarfi har bakwai. Sai ga wani ƙaton namiji ya ɓarke da waƙar yabon shanunsa.

Tela ya ce, "Matar ta yi mura ne?"

"Lasifikar ce ba ta da kyau."

Ya sake. Wannan karo kiɗa ne zalla, ba mace ba namiji. Benci ya ɗauki dariya, Dogo har da buga cinya.

"Ka ga, Sarkin Mita," in ji mai aski, "ka mayar wa Inna kayanta tun ba ka lalata ba."

Nan fa hancin Injiniya ya buɗe. "Ranar Asabar! Ku zaɓi kowace, in fito da ita bugun farko. In na kasa, ka yi yadda ka ga dama da ni."

Mai aski ya daɗe yana kallon leɓen saman nan, irin kallon da manomi ke yi wa gonar da ciyawa ta cinye. "In ka kasa, gashin baki ya tafi."

Injiniya ya shafa gashin bakinsa, amma baki ya riga ya yi gaba. "Na yarda. Kowa shaida ne."

Yanzu bari in gaya maka abin da shi bai sani ba. A gefen na'urar akwai wani ɗan maɓalli, bai fi ƙwayar shinkafa ba. In yana hagu, waƙoƙi su zo a jere. In yana dama, na'urar ta cakuɗa su ta jefo wadda ta ga dama. Da safen nan, garin goge ta da hankici don ta yi ƙyalli a idon jama'a, Injiniya ya ture shi dama. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ganin bakwai na bin shida, ba zai taɓa kawowa a ransa cewa akwai injin da aka ƙera musamman don ya ƙi bin layi ba.

Alhamis ya wuni a falo yana sabon jeri. Ya gama da la'asar, ya koma farko don ya tabbatar, ya tarar ta ɗaya ta zama ta sittin da biyu. Ya ce caji ne ya yi ƙasa. Ya cika ta fal, ya sake jeri na uku, shi ma bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Ya ce to zafi ne ke ruɗa mata ƙwaƙwalwa, ya naɗe ta a leda ya sa a firji kusa da tumatir.

Inna ta buɗe firji ta gani. "Malam, waƙoƙin nawa ne za su ruɓe?"

"Ke dai ba ki san aikin injiniya ba."

"Na san dai kwana goma ke nan ina guga shiru kamar mai takaba. Yaushe za ka ba ni?"

"Asabar da yamma."

Ranar Juma'a da safe ya dubi madubi, ya ga kamar gashin bakin ya fara yin laushi don tsoro. Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ke zuwa wa mutum ya ji duniya ba mai wayonsa. Ya nufi rumfar mai gyaran waya a bakin kasuwa.

"Ka ga wannan? Ka share duk abin da ke ciki, ka bar mini guda ɗaya, ta mai jiran jirgi."

Mai gyara ya juya na'urar a tafin hannu. "Baba, in matsalar jeri ce, ai ga wani ɗan maɓalli nan a gefe, in ka..."

"Kai! Ina karanta mita kana ina? Gyara na kawo maka ko karatu?"

"To akwai su a wani wuri? In na share sun tafi fa."

"Share!"

Mai gyara ya ɗaga kafaɗa, ya jona da kwamfuta. Kafin Injiniya ya gama gyara zama, waƙa ɗari da goma sha tara sun bi iska.

Saura mai zaɓe. Ya iske Dogo a ƙofar gidansa yana fifita da kwali.

"Gobe kai za ka zaɓa, kai ne babba. Ka ce ta mai jiran jirgi."

"Haba Injiniya, da tsufana in yi maguɗi?"

"In ka yi mini wannan, na yi maka alkawari ba zan ƙara taɓa fankarka ba."

Dogo ya dubi kwalin da ke hannunsa. Tun ranar da Injiniya ya gyara masa fanka take juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗaki maimakon ta bayar. "Har da rediyo?"

"Har da rediyo."

"An gama."

Asabar shagon ya cika, har mai shagon magani ya kulle ya zo. Mai aski ya shimfiɗa farin tawul, ya jera almakashi da aska a inda kowa zai gani. Injiniya ya shigo da sabuwar riga, gashin baki ya sha mai yana walƙiya. Ya ce girma ya wajaba a ba na gaba, Dogo ya zaɓa. Dogo ya buɗe littafi, ya yi ta bin layi da yatsa kamar mai neman sunansa a jerin 'yan fansho, sannan ya faɗi abin da aka sa shi.

Injiniya ya rufe ido. Ya danna sau bakwai, ya ƙara uku don ado, ya koma baya sau biyu, ya hura wa na'urar iska. Sai muryar matar ta fito zaƙwai, tana tambayar jirgin yamma ko ya ɗauko mata nata.

Aka yi tafi. Injiniya ya miƙe ya zaga shagon hannu a baya. "Na gaya muku! Kai mai aski, mayar da askarka kube, ka je ka yi wa akuya gemu. Ni da injin, kallo ɗaya muke yi wa juna mu gane."

Mai aski ya naɗe tawul jiki a sanyaye. "Ka ci. To bar mana shi ya yi ta yi, mu sha kiɗa, tunda mun taru."

Injiniya ya kai hannu zai cire, tela ya riƙe masa hannun riga. "Zauna mana, gwani. Ina saurin?"

Waƙa ta ƙare. Sai matar ta dawo tana tambayar jirgin yamma.

"Maimaici ne," in ji Injiniya. "Na saita ta haka saboda Dogo na son ta."

Tela ya miƙa yatsa ya danna na gaba. Mai jiran jirgi. Ya sake dannawa. Mai jiran jirgi. Mai shagon magani ya karɓa ya danna na baya har sau biyar, baiwar Allah tana nan a tasha ba ta gusa ba. Duk ido ya koma kan Dogo. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi mini adalci, jama'a. Wata uku ina kwana cikin zufa."

Shago ya kaure. Wasu suka ce ai ya fito da waƙar bugun farko, sharaɗi ya cika. Wasu suka ce wanda ya kori duk mutanen gari ya bar mutum ɗaya, ba gwanin nemo mutum ba ne. Ana cikin haka aka ji sallamar mace a bakin ƙofa. Inna ce, da kwandon cefane a hannu. Tana wucewa ta ji waƙarta na fita daga shagon maza.

"Sannunku. Malam, yamma ta yi, a ba ni kayana." Ta cire na'urar daga lasifika, ta sa igiya a kunne, ta danna. Ta sake dannawa. Ta danna na uku, sannan ta zare igiyar a hankali. "Ina sauran?"

Tela ne ya yi mata bayani, dalla-dalla, bai rage komai ba, har da abin da aka ɗora a kan caca da gardamar da ake ciki.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kwando, ta ɗauki farin tawul ɗin da kanta ta yafa wa mijinta a wuya, ta danna kafaɗarsa ya zauna a kujera.

"Ku daina musu, duk kuna da gaskiya," ta ce. "Ya ci, kuma ya faɗi. Mai aski, bismilla. Gefen hagu."

"Inna! Uwar 'ya'yana! A ƙalla a kwashe duka, in san na yi asara irin ta maza!"

Aska ta yi tafiya ɗaya, ƙahon hagu ya sauka a kan tawul. Mai aski ya juya zai kama na dama, Inna ta tare hannunsa. Ta ɗauki madubi ta miƙa wa Injiniya, ta maƙala na'urarta a gefen zane, ta saɓi kwandonta.

"A'a, bar masa wannan. Guda ya bar mini, guda za a bar masa."