Tsinken Kunnen Hanne

Wani mutum ne a unguwarmu, Magaji mai faci. In dai baki ne, Allah Ya ba shi. A bakinsa ya taɓa shaƙe kura har ta yi fitsari, ya kuma zare harsashi daga cinyarsa da filaya yana cin gyaɗa. Babu wanda ya taɓa ganin tabon. In ka tambaya, sai ya ce jikinsa ba ya riƙe tabo.

To, sai aka tashi naɗa shugaban 'yan sintiri. Mutum biyu ke nema: Magaji da wani shiru-shiru, Ɗan'azumi. Magaji ya sa rai ƙwarai, har ya ɗinka kaki. Ranar Asabar da hantsi Mai unguwa Jibo da dattawa uku suka zo zaurensa su ji ta bakinsa kafin su yanke.

Ana cikin labarin kura, sai ihu ya tashi daga cikin gida. 'Yarsa Hanne ce, 'yar shekara shida. Hujin kunnenta ne ya toshe, aka sake huda mata, aka sa tsinken tsintsiya a kowane kunne kada ya ƙara toshewa. Yau za a cire tsinken a sa 'yan kunne, ita kuwa ta ce ba ta san zancen ba.

Magaji ya ga dama ta samu. Ya ɗaga murya: "Asibi! Turo min ita nan!"

Matarsa ta amsa daga bayan labule: "Malam, ka bari na jiƙa shi da man shanu tukuna. Ya kafe."

"Man shanu? Haka kuke lalata yara! Turo ta."

Hanne ta shigo tana makyarkyata, 'yan kunnen a tafin hannunta. Magaji ya dubi dattawa ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, tsoro daga gida ake kashe shi. Ke, tsaya cak! Jinina ba ya kuka."

Ya naɗe hannun riga, ya kama tsinken, ya ja. Tsinke ya ƙi. Fatar kunnen ta biyo shi, ta miƙe kamar roba. Magaji ya haɗiyi yawu, ƙut. Ya sake ja. Tsut! Tsinke ya fito, ɗigon jini ɗaya ya biyo baya, bai kai ƙwayar gero ba.

Gumi ya karyo masa. Ya ce, "Wa ya rufe ƙofa? Duhu nake ga..." Sai ji kake rim! Ƙato ya zube kan tabarma, hula ta gangara ƙarƙashin benci.

Aka yi salati. Wani ya sheƙa masa ruwan buta, wani yana fifita da kakin da ke rataye. Hanne kuwa tsoronta ya tafi, kallo ya samu. Da ta ga babu mai kula ta, sai ta laluba hujin da yatsa, ta zura ɗan kunnen da kanta.

Can Magaji ya buɗe ido, ya yi wuf ya zauna.

"Ba suma na yi ba. Azumin nafila nake."

Mai unguwa ya dubi kwanon ƙosan da ke gefen Magaji, saura guda biyu.

Sai Hanne ta matso, ta kai kunnenta na hagu daidai hancinsa.

"Baba, na sa ɗaya da kaina, ko zafi babu. Saura wannan, cire min."

Magaji ya kalli tsinken. Idanu suka juye. Rim!

Mai unguwa ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Asibi, zo ki kwashe mijinki. Ku kuma a kira min Ɗan'azumi. Wannan kam, ranar da ɓarayi suka shigo da tsintsiya, mu za mu yi jinyarsa."